Darasi Ɗaya ga Yara Ɗari Ba Adalci Ba Ne

Duk lokacin da iyaye suka yi ƙorafin cewa malami ba ya adalci, son kai suke nufi. Akwai ɗan gaban goshin da kullum shi ne monita, akwai ɗan hedimasta da bulala ba ta hawa jikinsa ko da ya makara, akwai 'yar masu hali da ake lallaɓa wa maki saboda a gidansu malam yake yin lesin da yamma. Duk waɗannan suna faruwa, kuma babu mai hankalin da zai kare su. Sai dai a ganina, ko da za a wayi gari a ga an wanke zukatan malaman firamaren Arewa kaf daga son kai, mafi yawan yaran da ke azuzuwanmu za su ci gaba da cutuwa. Zaluncin da ya fi yawa a aji ba ya buƙatar mugun malami. Malamin kirki ma yana aikata shi kullum, da zuciya ɗaya, ta hanyar da aka koya masa a kwalejin horon malamai: ya tsaya gaban allo ya ba da darasi ɗaya, da sauri ɗaya, ga yaran da tazarar karatun da ke tsakaninsu ta kai shekara uku ko huɗu, sannan ya auna nasarar darasin da bakin yara biyar ɗin da ke bencin gaba.

Kowa ya san yadda abin yake gudana. Malam ya yi bayani, ya juyo ya ce, "Kun gane?" Aji ya amsa da murya ɗaya, "Mun gane, Malam!" Ya jefa tambaya, hannuwan da suka saba ɗagawa su ɗaga, ya zaɓi ɗaya, a ba shi amsa daidai, a tafa, a wuce gaba. Waɗanda ke can baya, da waɗanda ke zaune a ƙasa saboda benci bai isa ba, sun iya motsa baki tare da jama'a, sun kuma iya kwafe abin da ke allo cikin littafi kamar mai zanen hoto, ba tare da sun iya karanta shi ba. Zango ya ƙare, shekara ta ƙare, a ciyar da kowa gaba, domin a aikace ba kasafai ake sa yaro maimaita aji ba. Yaron da bai gama sanin haruffa ba a aji biyu sai ya tsinci kansa a aji huɗu ana koya masa nahawun Turanci da lissafin rabawa. Daga nan ba ƙaramin ikon Allah ba ne zai sa ya sake kamo jirgin. Binciken MICS na 2021, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar da tallafin UNICEF, ya nuna cewa a tsakanin yaran Nijeriya masu shekara 7 zuwa 14, kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke da ƙwarewar karatu ta tushe, kuma alkaluman lissafi ma kusan haka suke. Jihohin Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas suna ƙasa da wannan matsakaici. Ba duka waɗannan yara ne ke yawo a titi ba. Da yawansu suna da suna a rajista, suna amsa kira kowace safiya.

Mai kare tsarin zai ce ai malam bai ware kowa ba: allo ɗaya ne, darasi ɗaya ne, jarrabawa ɗaya ce, wanda ya ɗauka ya ɗauka. Wannan ita ce fahimtar adalcin da ta fi kama mutane, kuma an taɓa gwada ta a fili. A yammacin Kenya, masu bincike Paul Glewwe da Michael Kremer da Sylvie Moulin sun bi diddigin makarantun karkara da aka raba wa littattafan karatu, suka kwatanta su da waɗanda ba a raba wa ba. Sakamakon da suka wallafa a 2009 ya ba mutane da yawa mamaki: littattafan ba su ɗaga makin matsakaicin yaro ba. Waɗanda suka amfana su ne yaran da dama can suke kan gaba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. An rubuta littattafan da Turanci, wanda harshe na uku ne ga yawancin yaran, an kuma tsara su bisa manhajar da ta fi ƙarfin talakan ɗalibi, har da yawa daga yaran ba sa iya karanta su sam. An raba daidai, amma amfanin ya tafi ɓangare ɗaya. Haka darasin malaminmu yake: kowa ya ji shi, amma ba don kowa aka shirya shi ba.

Ba ina cewa son zuciya ba ya taka rawa ba. A Indiya, Rema Hanna da Leigh Linden sun ba malamai takardun jarrabawar yara su yi wa maki, bayan sun manna wa kowace takarda bayanin asalin yaro da aka zaɓa da ƙuri'a. Takardun da aka jingina wa 'ya'yan ƙasƙantattun dangogi sun sami maki ƙasa da na sauran. Bambancin ba babba ba ne, amma yana nan, kuma zai yi wuya a ce malaminmu da ya san wane ɗan wane ne a unguwa ya fi ƙarfin irin wannan. Akwai kuma binciken Mary Budd Rowe a Amurka a farkon shekarun 1970, wadda ta gano cewa malamai kan jira kamar daƙiƙa ɗaya tak bayan sun yi tambaya, kuma idan suka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi kan yi tsawo, yaran da ba sa magana su fara magana. Irin waɗannan suna da magani mai araha. A sa lamba maimakon suna a takardar gwaji, a riƙa zaɓar mai amsa daga rajista maimakon daga hannuwan da suka ɗaga, a riƙa juya wurin zama duk mako, a yi haƙurin daƙiƙa uku. Duk malamin da ya so zai iya fara su ranar Litinin. Amma ko an yi su duka, yaron da bai iya haɗa baƙi da wasali ba, idan aka kira sunansa daga rajista aka tambaye shi abin da ke shafi na arba'in, abin da aka ƙara masa kawai shi ne kunya.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, maganin da masana ke ta yaɗawa a duniya yanzu ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A makarantar allo ba a taɓa ɗaukar shekarun yaro a matsayin ma'aunin karatunsa ba. Kowane almajiri da allonsa, kowa da inda ya tsaya. Wannan yana babbaƙu, wancan yana farfaru, wani ya yi nisa cikin izu. Yaro zai zo gaban malam ya biya, idan ya kawo daidai a ce ya wanke a yi masa ƙari, idan bai kawo ba ya koma ya ci gaba da maimaitawa, ba wanda zai ja shi gaba don sa'o'insa sun wuce. Kuma malam ɗaya kan riƙe yara masu yawa domin gardawa da manyan ɗalibai suna biya wa ƙanana. Tsangaya tana da nata aibobin da ba sa ɓoyuwa, daga bara zuwa duka zuwa rashin kulawa da lafiyar yara, kuma ba kira nake a mayar da firamare tsangaya ba. Amma a wannan gaɓa guda, ta san abin da makarantar boko ta manta: ana fara koyarwa ne daga inda ɗalibi yake. Malaman Malikiyya ma sun daɗe da ɗaukar batun da muhimmanci. Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, ɗan mai littafin Mudawwana, wanda ya rasu a shekarar 870 Miladiyya, ya ware babi sukutum kan adalci tsakanin yara a littafinsa na ladubban malamai, Adabul Mu'allimina, inda ya ɗora wa malamin da ke karɓar lada nauyin daidaita ɗan mai kuɗi da ɗan talaka wajen koyarwa. A zamaninsa kowane yaro da allonsa yake, don haka daidaitawar da yake nufi ta haɗa da ba kowa nasa lokacin.

Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta mayar da wannan tunani tsari na zamani, wanda ake kira koyarwa daidai da matakin yaro. Yadda yake aiki ba shi da wuya. Malami zai zauna da kowane yaro na 'yan mintoci ya gwada shi da baki: ya san haruffa? Yana iya karanta kalma? Sakin layi fa? Gajeren labari? Haka a lissafi, daga gane lambobi zuwa ɗebewa da rabawa. Sai a ware awa ɗaya ko biyu a rana, a raba yaran aji uku ko huɗu zuwa shida rukuni-rukuni bisa abin da suka iya, ba bisa ajinsu ba, a koya wa kowane rukuni abin da ke gabansa, a sake gwaji bayan 'yan makonni, wanda ya ci gaba ya hau rukuni na gaba. An gwada tsarin sau da dama a jihohin Indiya, Zambiya ta ɗauke shi, kuma ya iso nan gida: an fara gwajinsa a Borno a 2018, sannan a Kano a 2019 ƙarƙashin shirin KaLMA a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa. Hujjar da ta fi ƙarfi a kan raba yara bisa mataki ta fito ne daga Kenya, inda Esther Duflo da Pascaline Dupas da Michael Kremer suka bi makarantun firamare 121 da aka ba ƙarin malami don a raba aji ɗaya gida biyu. A kusan rabin makarantun an raba yaran bisa matakin karatunsu, a sauran kuma da ƙuri'a. Bayan wata goma sha takwas, yaran makarantun da aka raba bisa mataki sun fi samun maki, kuma ba na sama kaɗai ba, har da na tsakiya da na ƙasa.

Suka ta farko da za a yi, kuma suka ce mai nauyi, ita ce raba yara haka zai haifar da abin da yaran da kansu za su kira ajin daƙiƙai. Wanda ya yi sakandare a ƙasar nan ya san yadda ake kallon 'yan aji "C" ko "D", da yadda ake tura musu malamin da ba a so, su kuma su yarda cewa haka Allah ya yi su. Tun 1968 Robert Rosenthal da Lenore Jacobson suka jawo hankali kan yadda zaton malami ke iya shafar ƙoƙarin yaro, kuma duk da cewa binciken baya ya nuna tasirin bai kai yadda aka fara zuzuta shi ba, bai ƙaryata shi ba. Amsata gida biyu ce. Ta farko, tambarin nan yana nan tun yanzu, ba sai an raba rukuni ba. Katin sakamako da ke cewa yaro ya zo na tamanin da bakwai cikin casa'in, zango bayan zango, shi ne babban mai buga tambari, ga kuma malaman da ke kiran yaro daƙiƙi ko jaki a gaban 'yan'uwansa. Ta biyu, akwai bambanci tsakanin rabon dindindin da rukunin awa ɗaya wanda ƙofarsa a buɗe take. Yaron da ya shiga rukunin haruffa a farkon zango ya fita zuwa rukunin kalmomi bayan mako shida ya ga da idonsa cewa kansa yana ɗaukar karatu, abin da shekara huɗu na zama a bayan aji ba su taɓa nuna masa ba. Haɗarin na gaskiya shi ne a bar rukunin ya daskare, a daina sake gwaji, ko a jibga wa na ƙasa malamin da ya fi kowa rauni. Wannan aikin hedimasta ne ya hana.

Suka ta biyu daga iyayen yara masu ƙoƙari take fitowa: me ya sa za a rage wa ɗana gudu saboda 'ya'yan wasu? Ai shi ma yana da haƙƙi. Gaskiya ne yana da shi, kuma tsarin da muke kai yanzu ma ba ya ba shi. Yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa a ajin mutum ɗari yakan gama aikinsa cikin minti biyar ya zauna yana jiran a gama tsawata wa masu surutu, ko a naɗa shi mai rubuta sunayensu. Idan aka haɗa shi da irinsa na awa guda ana ba su labarai masu tsawo da lissafi mai wuya, riba ya ci. Binciken Kenya na su Duflo ya nuna haka ƙarara.

Suka ta uku ita ce ta malaman kansu, kuma ita ce na fi girmamawa. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. A birane irin su Kano da Kaduna da Maiduguri, ajin da ya haura ɗari ba labari ba ne. Malamin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, wanda sai ya haɗa da acaɓa ko noma ko tireda, wanda ƙarin girmansa ya maƙale shekara da shekaru, shi ne za a ce ya san matakin kowane yaro? Akwai kuma batun ƙwarewa, wanda ba a son faɗa: a 2017 gwamnatin Kaduna ta ce malaman firamare 21,780 cikin kimanin 33,000 sun kasa samun kashi 75 cikin ɗari a gwajin da aka tsara daidai da aji huɗu, kuma ko da mutum yana da ja a kan yadda aka yi gwajin da korar da ta biyo baya, ba zai ce babu matsala ba. Duk wannan gaskiya ne. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, UBEC, kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, amma an sha barin biliyoyin naira a ajiye saboda jihohi sun ƙi kawo nasu kason, alhali yara na zaune a ƙasa. Laifin cunkoso na gwamnoni ne, ba na malam ba. Sai dai cunkoson hujja ce a kan tsarin yanzu, ba hujjar kare shi ba. Gwargwadon yawan yara a aji, gwargwadon faɗin tazarar da ke tsakaninsu, gwargwadon kuma yawan waɗanda darasi ɗaya zai tsallake. Makarantar da ke da malamai uku a aji huɗu da biyar da shida ba ta buƙatar ɗaukar ko mutum ɗaya kafin ta sake raba yaran nan gida uku bisa mataki na awa ɗaya. Yawan bai ragu ba, amma kowane malami yanzu yana fuskantar yaran da buƙatarsu ɗaya ce, kuma koyar da yara tamanin da duk suke koyon haɗa gaɓa ya fi sauƙi a kan koyar da tamanin da ke matakai biyar. Ba za mu ce wa yaron da ke aji huɗu bana ya jira sai an gina azuzuwa ba, domin kafin a gama ginin ya bar makarantar.

Ba a maganar matakin yaro a bar harshe. Yaron da ya taso a gidan da ake kallon tashoshin Turanci, ya yi nazire mai kuɗi, da yaron da bai taɓa jin cikakkiyar jimlar Turanci ba sai ranar da ya shiga aji, ba wuri ɗaya suka tashi ba, kuma darasin da aka yi da Turanci zalla ya riga ya zaɓi wanda zai yi nasara. Tun shekarun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwajin Ife, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci kuma a matsayin darasi, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba har a Turancin. Shirye-shiryen karatu da Hausa irin su RANA a Katsina da Zamfara da Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato a kan wannan tushe aka gina su. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a firamare, sai kuma a watan Nuwamba na 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke manufar, yana kafa hujja da faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. Hujjar ba ta zauna ba, domin duk wanda ya rubuta WAEC a 2025 ya bar firamare tun kafin a amince da manufar. Iyayen da ke tsoron kada 'ya'yansu su rasa Turanci suna da dalili, tunda da shi ake jarrabawa da neman aiki. Amma yaron da ya iya karatu da Hausa, wadda ake rubuta ta kusan yadda ake furta ta, ya riga ya gane sirrin haɗa harafi da sauti, kuma da wannan zai shiga Turanci. A nan ma akwai wani adalcin da mu masu Hausa kan manta: ɗan Fulanin ruga ko ɗan Kanuri ko Bajju da ke ajin da ake fassara komai da Hausa, shi ma bai kamata a ɗauka ya gane ba sai an gwada shi.

Gwajin nan na mutum ɗaya-ɗaya yana tono abubuwan da amsa ta murya ɗaya ke rufewa. Nan ne malam zai gane cewa yarinyar da ake ce wa mai barci tun asuba take aikin gida, ko kuma da ta tashi makaranta talla za ta ɗauka. Nan ne zai gane cewa wani ba ya ganin allo daga baya, wani kuma kunnensa ɗaya ba ya ji. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi ba tare da wariya ba, amma yaron da ba a ma gano matsalarsa ba doka ba ta da yadda za ta yi masa aiki. Sau da yawa matsar da shi bencin gaba kawai ya isa ya canza shekararsa.

Abin da zai hana duk wannan tafiya shi ne abin da ake tambayar malami a kai. Idan jami'in sa ido daga hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, ko ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ya zo, rajista yake dubawa, da littafin shirin darasi, da ko an kai inda manhaja ta ce a kai a wannan mako. Malamin da ya tsaya ya koma baya don ya ɗauko yara sittin da aka bari, a takarda shi ne mai laifi, wanda kuma ya ruga ya gama manhaja da yara biyar shi ne gwani. Muddin haka ma'aunin yake, wa'azin adalci ba zai canza komai ba, domin malam ma ɗan'adam ne, inda ake auna shi nan zai sa ƙarfinsa. Jihar da ke da niyya za ta iya sauya tambayar ba tare da ta jira Abuja ba. Jami'i ya shiga aji, ya buɗe rajista, ya zaɓi yara goma da kansa, ba waɗanda hedimasta ya tura masa ba, ya miƙa wa kowannensu gajeren labari da lissafi guda biyu, ya rubuta nawa ne suka iya, ya dawo ƙarshen zango ya sake. A sa awar rukuni cikin jadawali a hukumance don kada ta zama alfarma. A katin sakamakon aji ɗaya zuwa uku kuma, a maye gurbin "ya zo na kaza" da bayanin abin da yaro ya iya a farkon zango da abin da ya iya yanzu, yadda uban da bai yi boko ba ma zai fahimta idan aka karanta masa, ya kuma san abin da zai tambayi malam idan zango biyu suka wuce ɗansa yana mataki ɗaya.